Wanda Ya Cinye Lambun Kaka Herminia

Na rantse da kabarin uwata ba za ku yarda ba, amma ku tambayi kowa a bakin kogi.

Ranar da aka yi wa Baudilio duka, Nicanor ne ya fara ɗaga sanda. Jikan tsohuwa Herminia ne, shaƙiyyi na ƙarshe, ko makaranta korar sa aka yi. A watan nan ma babu kawunsa ɗaya a gonar koko da bai zura ƙafa a takalmin roba ya kurma ihu ba. 'Yan macizai Nicanor yake saka musu a ciki, sirara masu manyan idanu, ko sara ba sa yi. Mai takalmi ya daddatsa abin da adda, Nicanor yana bayan ayaba yana birgima don dariya.

Sai lambun kakarsa ya fara ƙarewa. Kullum gari ya waye an yi wa dashen gwanda da barkono kaca-kaca, abin da gidan zai ci a shekara.

"Maƙwabcin nan naki ne, Kaka," in ji Nicanor yana dukan ƙirji. "Tun rigimar iyaka Baudilio yake hararar mu. Ni ɓarawo ko a duhu ina gane shi."

Ya tara kawunnansa, suka tare mutumin a hanyar kogi, suka maka shi cikin laka. Gefen adda a gadon baya, sanda a haƙarƙari, har haƙori ya tashi. Nicanor ya take masa hannu, ya ɗaga adda.

"Faɗi gaskiya, ɗan akuya, ko yatsun nan su tafi!"

"Ban taɓa lambunku ba, jaki!" in ji Baudilio yana tofar da jini.

"Kai, tsaya!"

Herminia ce ta taho tana haki, da kwando a hannu. Ta kifar da shi a ƙasa. Dodon koɗi ne tuli guda, sai yauƙi suke.

"Ga ɓarayin nan," ta ce. "Tun ina amarya ba su taɓa yi mini haka ba, don 'yan macizai na fitowa da dare su cinye su. Yau na ɗaga kowane ganye, ko maciji ɗaya ban gani ba."

Babban kawun, Anacleto, ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya tayar da Baudilio, ya danƙa masa sanda, ya shaƙo wuyan rigar Nicanor.

"Ɗan nan," ya ce a hankali, "waɗanda muka yi ta daddatsawa duk watan nan, a lambun wa ka ɗebo su?"