Kalmar da Ta Rage a Littafin Sarewa

Khairiyya, wadda ta yi karatu a Japan, tana fassara littafin busa sarewar gora ta Japanawa zuwa Turanci. Ba ta rubuta kalma sai ta ji sautinta da kunnenta. Shi ya sa Rilwanu, injiniya ɗan Zariya, ya sayi sarewar, yake zuwa gidan su Khairiyya a unguwar Hindawiyya yana busa mata, alhali bai iya ba.

Yau kalma ɗaya ta rage.

"Muraiki," ta ce. "Ka saki numfashi da ƙarfi, iska ta rinjayi sauti."

Ya busa. Iska zalla ta fito.

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Wannan kam ka ƙware tun ranar farko. Halas, shi ke nan, littafi ya ƙare."

Rilwanu ya juya sarewar a hannu, ya dube ta. "To gobe da wane dalili zan zo?"

Ta sunkuyar da kai. Tsoron wannan tambayar ne ya sa ta yi ta jan aikin.

Daga ɗakin ciki Baba ya yi gyaran murya. "Ka zo da manyanka, Rilwanu. Amma don Allah ka bar sarewar nan a gida."

Khairiyya ta ɗago ido a hankali. "Ka dai ji Baba."