Layi Uku a Gidan Namun Daji

"Mama, wai ni makauniya ce?"

Uwar ta ajiye dutsen guga, ta karɓi littafin 'yarta. Malamin insha'i ya rubuta da jan biro: "Kin je gidan namun daji ba ki ga komai ba. A mayar da ita ajin baya."

Washegari uwar ta same shi a ofis. Mutum ne mai son jin muryarsa, rubutunsa ma haka, kalma goma inda ɗaya ta wadatar.

"Baiwar Allah, yara sun cika shafi da zaki da giwa. Taki? Layi uku kacal!"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Ƙirgawa ka yi, Malam, ko karantawa? Karanta mu ji."

Ya gyara murya, ya ɗaga littafin: "Ban ga zaki ba. Ƙawata ta faɗi a ƙarshen layi, numfashinta ya sarƙe, Malam yana gaba yana bayani. Na riƙe ta har ta farfaɗo."

Ya rufe littafin a hankali, ya ajiye jan bironsa.

Kai mai jan biro, kiyaye: yaron da bai cika magana ba, inda ka juya wa baya yake kallo.