Kwaɗo Uku a Keke Ɗaya

Kwaɗo uku Dencio Magbanua yake sa wa kekensa kowace safiya a gaban masana'antar takalma ta garin Marikina, inda yake aikin duba ingancin kaya. Ɗaya a ƙafar gaba, ɗaya a ta baya, na uku ya zagaye sirdi. Sauran ma'aikata da 'yar sarƙa suke ɗaure nasu, shi kuwa in zai wuce sai ya taɓe baki. A cewarsa, irin wannan tarkace ko ɓarawo ya gani sai dai ya ji tausayin mai shi.

Abin dariyar, duk layin babu keken da ya kai nasa muni. An naɗe shi da baƙin salatif da tsummokaran tsohon tif, an shafe shi da fenti mai kalar tsatsa, an bi da baƙin mai. Da gangan aka yi haka, kuma dabarar Mang Pilo ce, tsohon da ke gyaran keke a bakin gada.

Shekara guda ke nan da ciwon sayen kayan keke ya kama Dencio. Duk ƙarshen wata sai ya yi odar wani sashe na keke ta waya, ya iso a kwali mai ƙyalli da rubutun Japan. Ranar da ya kawo sashen farko, wato giyar keke, Mang Pilo ya juya ta a hannu, ya yi fito.

"Dencio, ɗana, in wannan ta kwana biyu a titi tana walƙiya, a canza mini suna. Bar mini keken, in ɗaura ta in ɓad da kamarta. Jeka aikinka, ka dawo da yamma."

Da yamma ya tarar da keke a naɗe, sarƙa ta sha mai, kwalinsa na jiransa a kan benci. Ya tambayi tsohuwar giyar, aka ce an jefa wa masu sayen gwangwan. Haka aka yi da birki, da feda, da kan keken, ɗaya bayan ɗaya. Dencio bai ɗauki tsohon a bakin komai ba. Mutumin da ko sunan da ke jikin kwali ba ya iya karantawa, me ya sani ban da ɗaure noti?

Kwalayen ya jera su a kan firji, ya hana matarsa ko goge musu ƙura. Keken dai ya ɓoye shi, amma bakinsa ya ƙi ɓoyuwa. Kullum a wurin mai kunun shinkafa sai ya ɗaga keken da hannu ɗaya, jijiyar wuya a miƙe, yana cewa ya fi takarda rashin nauyi. In an ce ba a ga bambanci ba, sai ya yi dariyar raini.

"Ku ai ba za ku gane ba. Ni da ɗan yatsa nake bambance fata da roba, balle ƙarfe. Ƙafata ce take gaya mini."

Masu shan kunu suka gaji da musu suka bar shi. An ce baki shi ke yanka wuya, kuma ba kowa ne a kan bencin nan kunu ya kawo shi ba.

Ranar wata Alhamis da rana tsaka ya fito cin abinci, ya tarar da kwaɗunansa uku a ƙasa, an datse su. Keke kuwa babu shi. Shekara guda ta hana kai nama da sabuwar riga ta tafi ke nan. Ya zagi maigadi, ya zagi ma'aikata, ya ce duk bakinsu ɗaya, 'yan baƙin ciki. Ko rabin awa ba a yi ba aka kira shi daga ofishin unguwa, wai an kama ɓarawon a ƙarƙashin gada.

Da gudu ya isa. Ɓarawon, wani magidanci mai furfura a gemu, yana zaune a ƙasa leɓe a kumbure. Babu kunya ko kaɗan a fuskarsa, haushi ne zalla.

"Kai ne mai kayan Japan?" ya ce. "Sati uku ina shan kunun da ba na so don in ji bakinka. Na yanka kwaɗo uku, na sha duka, a kan wannan? Kai, Allah ya isa!"

Keken na jingine da bango, an farke salatif ɗin da reza tun daga kai har giya. Abin da ke ciki baƙin ƙarfe ne da ya sha jiki, haƙoran giya duk sun cinye. Dencio ya yi tsalle ya ce an sauya masa kaya, a fito da su yanzun nan.

Berting, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya girgiza kai. "A minti ashirin, Oga? Almakashin ƙarfe da reza kaɗai muka samu a jikinsa. Ko sifana babu."

Dencio ya durƙusa yana shafa giyar. Sai ya ga kamar ya san ta a wani wuri, amma kansa ya ƙi ɗauka.

Tausayi ya kama Berting, ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa ƙofa. Keken Berting ne a ajiye ba ko kwaɗo, don wa zai taɓa na ɗan sintiri? Giya, birki da feda sai ɗaukar ido suke yi a rana.

Berting ya ce, "Ka daina odar nan ta waya, damfara ce. Je wurin Mang Pilo. Duk ƙarshen wata yake samo mini ɗaya, sabo fil, a rabin kuɗi. Aibinsu ɗaya ne kawai, ba sa zuwa da kwali."