Zanen Mai Walƙiya

Likita ya tambaye shi ta wane gefe hasken yake fara fitowa. Mai Walƙiya ya dubi silin, ya ce ta hagu. Ko ta dama. Ya danganta dai.

Mai Walƙiya fa ba ƙaramin mutum ba ne. Duk yadin da ka gani a kasuwa mai zane kamar haƙoran zarto, launi na korar launi har idonka ya kawo ruwa, da sunansa kamfani ya buga shi. 'Yan jarida sun haddace labarin: wani ɗigon haske ne yake bayyana a ido, ya yi ta faɗi yana ƙyalƙyali, sai a yi maza a kwafe shi a takarda kafin ciwon kai ya sauko. In ya kawo nan yakan dafe goshi ya lumshe ido, a ɗauki hoto. Kai, bawan Allahn nan ya iya dafe goshi!

To, hasken ya ɗauke. Tun da sabon maganin nan ya shigo gidan, shiru kake ji. Babu ciwo, babu zane. Manajan kamfani, wanda a da har ƙofa yake rako shi, ya kira shi ya ce in wata ya ƙare bai kawo sabon abu ba, akwai wata mai zanen furanni da ke jiran kujerarsa. Furanni!

Shi ya sa ya zo wurin wannan likita, wanda bai taɓa ganinsa ba.

"Ba a ido abin yake ba, Malam," in ji likita, yana shafa ƙeya. "A nan baya ne, inda ƙwaƙwalwa take sarrafa gani. Wata igiyar motsi ce take tashi, ta bi wurin sannu a hankali kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Inda take ci, ka ga ƙyalƙyali. Inda ta wuce, wurin ya yi shiru, ka ga duhu. In ta gama, sai ciwon."

Mai Walƙiya ya gyaɗa kai kamar ya gane. Abin da ya kawo shi daban ne.

"Likita, me yake tayar da ita?"

Likita ya ji daɗin samun majinyaci mai kula da kansa. Ya ce a guji rashin barci, a guji zama da yunwa, da ƙamshi mai hawa kai, da fitila mai ƙiftawa. Maganin kuma kada a kuskura a tsallake. Da ya tambaye shi yadda yake fama da zafin, Mai Walƙiya ya ce ai ana haƙuri.

Daga asibiti bai zame ko'ina ba sai shagon turare. Ya sa aka yi ta buɗe kwalabe har mai shagon ya fara atishawa, ya zaɓi wanda ya fi yaji. Ya biya wurin mai kayan wuta ya nemi ƙwan fitilar da ya lalace, mai ƙifta ido. Mutumin ya kalle shi sama da ƙasa, ya ba shi kyauta.

A gida ya taka kujera ya sauya ƙwan falo. Ya shimfiɗa farar takarda a tebur, ya jera alƙaluman launi, ya ajiye bokiti a gefe saboda amai. Sannan ya ɗauko kwalbar maganin daga kan firij. A gaskiya ya san abin da ke tafe: kwana biyu a ɗaki mai duhu, ana ihu ko cokali ya faɗi. Amma ina aka taɓa yin suna ba a sha wahala ba? Ya juye ƙwayoyin a masai, ya kora ruwa.

Ya fesa turaren a labule, a kujeru, a matashin kai. Ya zauna ƙarƙashin fitilar yana jira, gwanin ban tausayi.

Ƙofa ta buɗe. Matarsa ta shigo da cefane, fuskarta fes, irin ta wadda ta jima ba ta kwanta ciwo ba. Ta yamutsa hanci, ta ɗaga kai ta dubi fitilar, ta runtse ido.

"Baban yara, ina maganina? Nan na bar shi kan firij."

"Zauna ki huta tukuna," ya ce, yana tura takardar gabanta, shi da ko layi miƙaƙƙe bai taɓa iya ja ba.