Matar Cikin Kwalekwale

Tsohuwar ta sake dawowa ranar Lahadi, da jakar nan tata mai nauyi rataye a kafaɗa. Curtis Lindahl, mai gadin bene na biyu a Gidan Tarihin Brandvold da ke Duluth a Amurka, ya hango ta tun daga matakala.

Ba ta ko kalli ƙasusuwan dabbobin zamanin da da yara ke rububin gani ba. Ba ta tsaya wajen tsohon jirgin dakon tama ba, inda baƙi ke ɗaukar hoto. Kai tsaye ta nufi ɗakin ƙarshe, ta tsaya gaban gilashin da aka girke mutum-mutumin 'yan ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin ƙasar, a ciki: tafki, kwalekwale, da wata mace zaune riƙe da sanduna biyu tana kaɗe shinkafar tafki.

Wannan gilashin ne ya hana Curtis barci. A watan jiya wasu matasa suka watsa masa jan fenti, suna cewa kakanninsu ba dabbobi ba ne da za a jera su kusa da barewa da mujiya. An kori mai gadin da ke bakin aiki ranar. Shugabar sashen, Paige Sorensen, ta sanar a jarida cewa za a rufe ɗakin, sannan ta kira Curtis gefe ta ce masa ko ƙwarzane aka samu kafin ranar rufewar, shi ma ya nemi wani aikin. Ga matarsa da tsohon ciki, ga hunturu ya kama.

Bayan fentin ne tsohuwar ta fara zuwa. Ya taɓa tambayarta ko tana neman wani abu.

"A jarida na ga hoton," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Shi ya taso ni."

Kullum sai ta sayi tikiti, ta zo ta tsaya har a kaɗa ƙararrawar tashi, leɓunanta na motsi, hannunta ɗaya cikin jaka. Ran nan ya ga tana bin gefen gilashin da yatsa, daidai inda makulli yake. Ya kai rahoto. Paige ta duba sunan a wajen masu tikiti, Delphine Beaulieu, ta ce kada ya kuskura ya kore ta, amma kada ya ɗauke ido daga kanta.

Yau ce ranar ƙarshe, ɗakin kuma ya cika. Iyalai sun yi cincirindo, kowa na son ya gani kafin a rufe. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta dubi gilashin, ta dubi tsohuwar, ta ja rigar uwarta.

"Mama, kin ga, irinsu ɗaya!"

"Ke! Rufe min baki, ba a faɗin haka," uwar ta ce, ta ja ta suka fice, fuskarta ta yi jawur.

Tsohuwar ta matsa har numfashinta ya yi hazo a jikin gilashin. Ta sauke jakar ƙasa, ta sunkuya, ta zuge ta. Curtis ya hango wani abu na ƙarfe yana ƙyalli.

Bai san lokacin da ya isa gare ta ba. Ya damƙe wuyan hannunta, siriri kamar kara, ya shure jakar da ƙafa. Ta tangaɗa, ta zauna daɓas a ƙasa. Kayan suka watse: gorar shayi ta ƙarfe, burodi a leda, kwalaben magani, da wata tsohuwar kyamara. Ba fenti, ba guduma.

Ɗakin ya yi tsit, sai wayoyi da aka ɗaga ana ɗaukarsa.

"Sakar min hannu, ɗana," ta ce a hankali. "Ƙashin ya tsufa."

Ya saki. Ya danna oba-oba ya kira ofis.

Paige ta iso da gudu, ta durƙusa gabanta tana tattara kwalaben maganin.

"Ki gafarce mu, Mama, don Allah ki gafarce mu. Mun ji kukanku. Mun san abin nan yana ƙona muku rai, kuna da gaskiya. Gobe da safe ba za ki ƙara ganinsa ba, na yi miki alkawari."

"Ina za ku kai ta, matar cikin kwalekwalen?"

"Kwalekwalen da sandunan za mu mayar wa jama'arku. Mutum-mutumin kuwa filasta ce irin ta shafen bango, ta riga ta tsattsage. Da an ɗaga ta za ta ruguje, sai a kwashe."

Tsohuwar ta miƙa wa Curtis hannun da ya damƙe, ya taimaka mata ta tashi. Ta ɗauki kyamarar ta jujjuya. Idon kyamarar ya fashe.

"Duk hoton da na ɗauka, hasken gilashin ne ke fitowa," ta ce. "Na so in roƙe ku ku buɗe min sau ɗaya, bakina ya kasa."

Ta dafa gilashin da tafin hannu. Wannan karon ba wanda ya hana ta.

"'Yar nan, ina shekara shida aka sa ni a mota zuwa makarantar kwana. Kafin in dawo an binne ta, ko hoto ɗaya ba a bar min ba. A fuskar uwata aka zuba filasta, aka fitar da fuskar matar nan."