Kati Takwas ta Ƙarƙashin Ƙofa

Ranar da kati na huɗu ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ranar ta daina kai wa maƙwabciyarta abinci.

Tun da tsohuwar Bayahudiyar ta zame a ƙanƙara, ita ke kai ta asibiti a garinsu na Gaithersburg a Amurka, ita ke yi mata farfesu. Yanzu ta miƙe, Hanuka, bikinsu na kwana takwas, ya zo, sai katin godiya kullum. A Kano kuwa, inda ita ta taso, godiya da ƙafa ake zuwa yi. Wadda ke tsakaninku taku uku ta aiko takarda, ai cewa take, ya isa haka.

Rana ta takwas ta daure ta ƙwanƙwasa, don ta mayar da mabuɗin da aka ba ta.

“Mama, in na takura miki, ki yafe ni.”

Tsohuwar ta dube ta, kyandirori na ci a taga.

“Takura? Duk shekara a bikin nan mutum takwas nake rubuta wa godiya, kullum mutum ɗaya. Bana na duba, na tarar duk takwas ɗin ke ce. Mayar da mabuɗin nan jaka, ’yar nan. Kwana huɗu kin bar ni da miyar gwangwani!”