Matafiyi da Dashen Mangwaro Arba'in

Ƙasa tara ya ce ya taka, kuma a kowacce ya kwaso ilimi ba tare da ya taɓa zama a bencin aji ba. Wani matafiyi ne, Malam, da ya dawo garinsu bayan shekara shida da jaka ɗaya da baki cike da labari. Na kawo maka shi ne don na ji kana shirin fitar da ɗalibanka daga aji zuwa lambu. Shawara ce mai kyau, amma dai ka ji wannan tukuna.

Kullum bayan la'asar sai matafiyin ya baje kolinsa a gindin darbejiya. A wata ƙasa, in ji shi, makaranta cikin kwalekwale take, ita ke bin yara gida-gida idan ruwa ya ci gari. A wata kuma daji ake shiga karatu, ko ana ruwa ko ana rana, malamin ma bai san kamannin alli ba. A wata, 'ya'yan makiyaya rediyo ne malaminsu, a wuyan raƙumi ake rataye shi, har raƙuman ma sun iya ƙidaya zuwa goma. Jama'a na dariya suna gyaɗa kai, don ba duka ne ƙarya ba, gishirin ne dai ya fi miyar yawa. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne auren mangwaro. Ya ce a wata babbar gona ya ƙware, inda a wuni ɗaya yake haɗa reshen mangwaro mai zaƙi da dashe ɗari biyu, ko ɗaya bai taɓa mutuwa ba.

To, cikin masu sauraro akwai wani mai lambu. Dashe arba'in gare shi na mangwaron gida mai zare, shekara biyu yana ɗauko musu ruwa daga rafi a kafaɗa, yana kare su daga awaki. Duk burinsa a aura musu iri mai kyau. Yana da goggo a cikin gida, tsohuwar da ta shekara ashirin tana wannan aiki tare da marigayi mijinta, amma ita ko garin da ke gaba da kasuwar Laraba ba ta taɓa zuwa ba. Ina za a haɗa ta da mai ƙasa tara? Sai ya je ya roƙi matafiyi.

Daga nan labari ya fara ramewa. Ranar farko matafiyi ya ce wuƙar garin nan ba ta aikin ba ce. Aka sayo reza sabuwa. Rana ta biyu ya ce iska ta yi yawa. Rana ta uku, da ya ga babu wurin zillewa, ya naɗe hannun riga ya datse kan dashe goma, ya tsaga, ya cusa rassa, ya naɗe da leda. Wuni guda cur ya yi a kan goman nan, ya kuma haɗa da yatsansa ɗaya. Ya ce hannu ne ya kwana biyu. A wannan makon ma wani ya lura ƙasashen sun koma bakwai, amma ya bar wa cikinsa.

Bayan mako uku sai ga sabon ganye ja-ja a jikin dashen. Matafiyi ya tara mutane a lambu yana nunawa da sanda, ya ce gobe da sassafe zai datse sauran talatin ɗin. Mai lambu baki har kunne.

Goggo ta zo tsinkar yakuwa ne ta tarar da taron. Ta ajiye ƙwaryarta, ta durƙusa gaban dashe ɗaya, ta daɗe tana kallo.

"Kai, zo nan," ta ce wa mai lambu. "Ganyen nan daga ina ya fito, saman ɗauri ko ƙasansa?"

Ya leƙa. "Ƙasa, Goggo."

"To naka ne na da, mai zare, yake neman ransa."

Ta kwance ledar a hankali. Reshen da aka cusa ya bushe ya yi baƙi. Ta zare shi ta ɗaga wa matafiyi.

"Ɗan nan, dubi idanun reshen, duk ƙasa suke kallo. A kife ka sa shi. A can inda ka yi karatu itace ƙasa yake yi idan zai girma?"

"Ai Goggo, tsarin can daban ne, saboda sanyi..."

"Sanyi ko? To ga reza, ga reshe. Fere mini bakinsa kawai, in ga irin na can."

Ya karɓa ya juya reshen sau biyu, ya rasa ta wane kai zai fara. Can dai ya sunkuyar da kai ya ce shi gadi ya yi a ƙofar gonar, shekara huɗu, ta cikin wayar shinge yake hango masu aikin.

"Da ka leƙa ciki ko na yini ɗaya ka ce a koya maka," in ji Goggo, ta karɓe rezar ta soke a bakin zaninta. "Talatin ɗin nan kada wanda ya taɓa min su."

Saboda haka, Malam, idan ka kai su lambun, kada ka bar su a tsaye a bakin shinge, sa musu wuƙar a hannu. Ba a banza Hausawa suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.